Ba laifin rezo ba ne

Ranar Litinin ce, ranar kasuwar Maradi, ƙarfe takwas da ƴan mintuna, kontabul ɗinmu ya turo ƙofar ɗakina ko sallama bai ƙarasa ba. "Injiniya, abin ga ya sake tsayawa. Direba huɗu ke jiran faktir, motar Tasawa ta gama lodi tun ɗazu." Na ajiye ƙosan da ke hannuna na bi shi. Ya danna a ajiye takarda ɗaya, muka tsura wa allo ido muna ƙirgawa, sai da muka wuce arba'in kafin ta amsa. Wannan aikin da azahar ko ƙiftawar ido ba ya kaiwa. A bakin taga na ji wani direba yana ce wa ɗan'uwansa, "Rezo ne, yau ma babu rezo."

Haka kowa ke cewa, daga gardi har Alhaji. A garin nan in waya ta ƙi shiga rezo ne, in kuɗi suka maƙale a hanya rezo ne, saura kaɗan in tuwo ya yi gudaji a ce rezo ne. Ni kuwa na san faktir ɗin ko ƙofar gida ba ta fita. Daga teburin kontabul zuwa inda ake ajiye ta bai kai taku ashirin ba, kuma babu ruwanta da intanet. Abin da ke riƙe ta yana cikin ɗan ɗakin nan mai kilim wanda makullinsa ke aljihuna. Ko ma mene ne, a gonata ya tsiro.

Gidan sari ne muke aiki, shinkafa da man girki da sukari da siminti. A cikin ɗakin akwai manyan kwamfutoci biyu, saba kamar yadda muke ce musu, kowace tana ɗauke da Proxmox. Aikin Proxmox shi ne ya mayar da kwamfuta ɗaya gidan haya. A cikin sabobin biyu akwai kwamfutoci bakwai marasa jiki, kowace tana ganin kanta cikakkiya, da Windows ɗinta ko Linux ɗinta: ta lissafi, ta kayan magaza, ta takardun ofis, mai naɗar hotunan kamara, da sauransu. Ƴan haya nake ce musu. To ƴan hayan nan ba su da ɗakin ajiya a gidan da suke zaune. Kayansu duka suna cikin wani akwati na uku mai faifai shida, wanda na raɗa wa suna rumbu, sabobin biyu kuma suna isa gare shi ta waya, da tsarin da ake kira NFS. Amfanin haka ba kaɗan ba ne, don in saba ɗaya ta mutu sai in tada ƴan hayanta a cikin ɗayar, tunda kayansu ba a cikinta suke ba. Sai dai duk abin da ɗan haya zai karanta ko zai rubuta, ko harafi ɗaya ne, dole ya bi waya, ya ratsa suwic, akwatin da wayoyin kwamfutoci duka ke haɗuwa a cikinsa, ya je rumbu ya dawo. In hanyar rumbu ta cushe, gida duka ya tsaya.

Da hantsi Alhaji ya sa aka kira ni. Akwai takarda a gabansa, wani mai sayar da kayan kwamfuta a Yamai ya turo farashin sabon suwic mai gigabit 10 da katunansa, ninki goma na wanda muke da shi. Kuɗin sun isa a sayi babura sababbi har a raba wa yaran magaza.

"Ɗana, in wanga ne magani a saye shi. Na gaji da ƙorafin direbobi."

"Ranka ya daɗe, a ba ni sati guda in auna. In hanyar ce ta yi kaɗan, ni da kaina zan kawo takardar a sa hannu."

"Mi za ka auna? Ana auna iska?"

"Ana aunawa, Alhaji. Kamar kwantar wuta ce."

Ya yi dariya, ya ce sati guda, ba ƙari.

Ba ƙarya na yi masa ba. Kowace ƙofa ta suwic tana da kwanta biyu a cikinta, ɗaya tana ƙirga bayit ɗin da suka shigo, ɗaya waɗanda suka fita, tun daga sa'ar da aka kunna shi. Ba sa faɗin gudu, jimilla kawai suke tarawa. Kai ne za ka tambaya yanzu, ka sake tambaya an jima, ka ɗebe na farko daga na biyu, ka raba da daƙiƙoƙin da suka wuce. Yaren da ake tambayar da shi sunansa SNMP, kuma kusan duk suwic da ake iya shiga cikinsa a saita yana jin sa. Na kunna shi, na ɗauko MRTG, tsohuwar manhaja da wani ɗan Suwizalan mai suna Tobias Oetiker ya fitar tun 1995. Don sabo na zaɓe ta, tun muna makaranta na san ta, kuma cikin rabin awa take tashi. Duk minti biyar sai ta zagaya ta karanta kwantocin, ta zana hawa da sauka, kore na shiga, shuɗi na fita.

Talata da safe abin ya sake tsayawa kamar kullum. Na buɗe zanen ina murza hannu, ban ga komai ba. Ƙofofin rumbu suna wasa tsakanin megabit 20 da ɗari da ɗan wani abu, a hanyar da ke ɗaukar 1,000. Layin ma ba shi da kan gado, ya hau ya faɗo ya hau, kamar haƙoran zarto, ga giɓi nan da can inda ba a zana komai ba. Laraba ma haka. Har na fara jera maganar da zan kai wa Alhaji, cewa hanya da ƙyar take cika kashi ɗaya cikin goma, a nemi ɓarawon a wani wuri.

Wanda ya cece ni daga wannan abin kunya yaro ne, ɗalibin jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke koyon aiki a wurina. Shi ba zanen ya fara kallo ba, fitilun suwic ya kalla. Ya ce da safe fitilar ƙofa ɗaya tana ƙiftawa da sauri har ta zama kamar ba ta ƙiftawa. Sannan ya zauna gaban allo ya daɗe, ya ce, "Yaya, mi ya sa bai taɓa wuce ɗari da sha wani abu ba? Kamar an yi mashi rufi."

Gabana ya faɗi, don na taɓa karanta labarin rufin nan na manta. Kwantar da MRTG ke karantawa in ba ka ce mata komai ba, ifInOctets da ƴar'uwarta ta fita, mai bit 32 ce. Iyakar abin da take iya riƙewa 4,294,967,295, in ta kai nan sai ta koma sifili, kamar kwantar kilomita ta tsohon babur da ke juyewa bayan 99,999. A zamanin da aka ƙirƙiro ta wannan lamba ce mai nisa. A hanyar gigabit da ta cika maƙil kuwa, daƙiƙa 34 ta ishe ta zagayowa. Cikin minti biyar ta zagayo sau takwas da ɗoriya, manhajar kuma ɗoriyar kawai take gani. Ɗauki bayit biliyan 4.29, raba da daƙiƙa 300, ninka da takwas don ya koma bit, sai ka samu megabit 114. Rufin ke nan. Ƙasa da shi zanen gaskiya yake faɗi, sama da shi kuwa duk lambar da ta faɗo ita yake zanawa. Haƙoran zarton da na gani ba zirga-zirgar kaya ba ce, ragowar lissafi ce. Da rana lokacin da lafiya lau ake, awona daidai yake, da safe lokacin da nake bukatarsa ne yake shara mini ƙarya.

Maganin layi ɗaya ne. Akwai kwantoci masu bit 64, ifHCInOctets da ifHCOutOctets, waɗanda a gudun gigabit sai sun shekara fiye da 4,600 kafin su juye, amma SNMP na farko bai san su ba, sai an koma na biyu, 2c. Giɓin da ke cikin zanen kuma nawa ne shi ma: na ɗora MRTG a kan sabon ɗan haya, shi ma kayansa a rumbun suke. Mai gadin da na sa ya kalli cunkoso, shi ma yana cikin cunkoson. A daren Larabar na zaro wata tsohuwar kwamfutar hannu daga durowa, batirinta na riƙe awa biyu, na sa mata wata manhajar awo mai suna Zabbix, na ce ta riƙa tambayar suwic duk daƙiƙa talatin. Minti biyar ya yi tsawo ko da kwanta mai kyau. Hanyar da ta cika na minti ɗaya da rabi ta huta na uku da rabi, zanen minti biyar kashi 30 cikin ɗari zai nuna, alhali wanda ya danna a ajiye cikin minti ɗaya da rabin nan ya sha jira.

Alhamis tun kafin bakwai ina wurin. Gardi ya tada gurup, injin wutarmu, kilim ya fara huci, na kunna rumbu, na kunna sabobi. Ƙarfe 7:35 layin ya miƙe tsaye, ya kwanta a sama shamɓal kamar tebur. Amma nan ma saura kaɗan in sake ruɗuwa. Rumbun waya biyu gare shi zuwa suwic, an ɗaure su wuri ɗaya da tsarin da ake kira LACP, ni kuma na haɗa su a zane ɗaya mai rufin megabit 2,000. Tebur ɗin ya tsaya ƙasa da 1,000 kaɗan. Rabi ke nan, in ji zanen, akwai sauran wuri. Sai da na raba su kowace da zanenta na ga waya ɗaya tana ɗauke da 940 da ɗoriya, iyakar abin da gigabit ke iya kaiwa in an cire nauyin ƙunshi, ɗayar kuwa tana kwance tana shan iska.

Mutane da yawa suna ɗauka in ka ɗaure waya biyu ka samu waya ɗaya mai faɗi biyu. Ni ma a aikace haka na ɗauka, ko da yake in da jarrabawa ce da na amsa daidai. LACP ba ya raba zance ɗaya gida biyu, don kada ƙunshin baya ya riga na gaba isa. Kowane zance waya ɗaya ake ba shi, kuma da lissafi ake zaɓen. Yadda Linux ke zuwa a saite, lambar katin mai aikawa da ta mai karɓa yake haɗawa ya fitar da waya. Kamar tasha ce mai ƙofa biyu, ɗan kamasho yana raba motoci da lambar mota, mai mara ta bi dama, mai cika ta bi hagu. Motocinmu biyu ne kacal, saba ta ɗaya da saba ta biyu, kuma aka yi rashin sa'a lissafin ya jefa su ƙofa ɗaya. Tun ranar da na haɗa kayan nan waya ta biyu ado take yi.

Yaron yana gefe yana kallon saba ta ɗaya da sar, wanda ke ba da awo duk daƙiƙa. Ya ce, "Yaya, nan dubu hamsin da bakwai kawai nake gani, ai kaɗan ne." Na ce ya duba kan layin. Kilobayit ne, suwic kuwa da bit yake magana. Ya ninka da takwas ya samu megabit 456, ya leƙa saba ta biyu ya ga kusan haka, ya haɗa, ya yi shiru. Wani abin da ya ruɗa shi kuma, abin da suwic ke kira shiga a ƙofar rumbu, fita ne a wurin rumbun. Sai da muka zana akwatuna uku da kibau a bayan wata tsohuwar faktir muka manna a bango. Har yau tana nan.

To mun ga hanya ta cika. Wa ya cika ta? Nan ne aikin ya fi cin rai. Na buɗe iftop, manhajar da ke nuna wa ke zance da wa a kan waya, a kan saba, abin da ya nuna layi ɗaya ne: saba da rumbu, ƙofar zance mai lamba 2049, wato NFS. Duk kayan ƴan haya a buhu ɗaya suke tafiya da sunan mai gida, waya ba ta san na wane ne ba. Zanen rezo na kowane ɗan haya kuma shiru, don shi a ganinsa faifai yake taɓawa, bai san ana bi da shi ta waya ba. Inda za ka kama shi sai a zanen karatu da rubutun faifai. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, bakwai ɗin, na haɗa abin da suke ja, bai kai ko kusa da abin da ke kan waya ba. Ba ɗan hayan da ya amsa laifi. In ba ƴan haya ba ne, saura mai gida. Na sauke ido ƙasan shafin Proxmox, inda yake jera ayyukan da yake yi, wurin da nake gani kullum ba na karantawa. Ga shi nan ɓaro-ɓaro a sabobin biyu: aikin kwafin ko-ta-kwana, ya fara 7:35, yana kan tafiya.

Kwafin nan ƙarfe ɗaya na dare na sa shi, shekaru da suka wuce. Sai da na zauna a kan kwalin takarda na warware zaren. Wutar Maradi daga Najeriya take zuwa, ta layin Katsina. A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta katse ta, muka koma kan gurup, gazuwal kuma ba kyauta ake ba da shi ba. Alhaji ya ce ba za a kwana ana ƙona mai don akwatuna uku ba, bayan isha'i a kashe komai. Ko da wuta ta dawo, dokar ba ta tashi ba, don ta dare ba abin dogaro ba ce kuma batiran ondilarmu, mai riƙe sabobi in wuta ta ɗauke, sun tsufa. Ƙarfe ɗaya na dare ke nan sabobi suna barci, kwafi bai samu mai yin sa ba. Ban lura ba sai cikin sanyi, ranar da na je neman wata takarda da aka goge, na tarar kwafi na ƙarshe ya yi watanni. Ban gaya wa kowa ba. Na buɗe saitin aikin, na ga wani ɗan akwati da ke cewa in lokaci ya wuce saba tana kashe, a rama da zarar ta tashi. Na danna shi, na ga washegari kwafi ya fito, na yaba wa kaina. Da zarar ta tashi kuwa shi ne bakwai da rabi na safe, daidai lokacin da kesiye ke buɗe taga. Ba wanda ya haɗa wannan da wancan, har ni, don ƙorafin rezo ya riga ya zama gaisuwa.

Kuma kwafin nan ba ƙaramin kaya yake ja ba. Wajen gigabayit 600 ne, a gudun waya ɗaya awa ɗaya da rabi ke nan, abin da ya sa ƙarfe tara da ƴan mintuna komai ke warwarewa, kontabul ya ce rezo ya dawo. Abin takaici, daga rumbu ake ɗebo shi, a matse shi a saba, a sake mayar da shi cikin rumbun, a wani lungu. Faifai shidan nan su ne masu karatu, su ne masu rubutu. In da gobara ta tashi, da asali da kwafi tare za su tafi. Sannan akwai wata ɗabi'a ta kwafin ɗan haya yana cikin aiki: in zai rubuta a wurin da ba a kwafe ba tukuna, sai an tsayar da shi an kwafe tsohon abin da ke wurin kafin a bar shi ya rubuta. Faktir ɗin kontabul a wannan layin take tsayawa. Na duba nfsiostat, wanda ke faɗin tsawon lokacin da buƙata ke yi kafin amsa ta dawo daga rumbu. Da azahar milidaƙiƙa biyu zuwa uku, da safe sama da ɗari. Faktir ɗaya kuma ba buƙata ɗaya ba ce, ɗaruruwa ne a jere, kowace tana jiran ta gabanta.

Na cire alamar daga akwatin. Da yamma na yi kwafin da hannu, na zauna har ya ƙare.

Juma'a ma ranar kasuwa ce, kuma na zo da tsammanin a yi mini tafi. Tebur ɗin ya ɓace daga zanen, amma minti goma na farko abin bai saki ba, kesiye ta ce manhajar lissafi ta daɗe kafin ta buɗe. Na duba waya, megabit 200 ko ƙasa, wuri fal. Na duba nfsiostat, jinkiri yana sama. Wannan karon hanya a buɗe take, bakin rumbun ne ya cushe. Ƴan haya bakwai suna farkawa lokaci guda, kowa yana neman dubban ƙananan fayiloli warwatse, faifai mai juyawa 7,200 a minti kuma buƙata ɗari ko ƙasa da haka yake iya biya a daƙiƙa in wurare daban-daban ake aika shi. Buhu ɗaya na gero ya fi sauƙin fitarwa a kan mudu arba'in ga mutum arba'in, ko da yake nauyin ɗaya ne. Wanda ke kallon faɗin hanya kaɗai ba zai taɓa ganin wannan ba, kuma suwic ɗin Yamai, ko gigabit ɗari ne, ba abin da zai yi masa. Na jera musu layi a Proxmox: na lissafi ya fara tashi, a jira minti biyu, na magaza ya biyo, mai kamara can ƙarshe.

Ana cikin haka Zabbix ya tona mini wani asirin da ban nema ba. Yana nuna gudun da kowace ƙofa ta daidaita a kai, sai ga ɗaya daga wayoyin saba ta biyu tana kan megabit 100. Na tambayi manhajar ethtool a kan saba ta tabbatar. LACP ya riga ya fitar da ita daga ɗaurin tun Allah kaɗai ya san yaushe, ba ƙara ba sanarwa. Na zare ta na ɗaga kan a hasken taga: siririyar waya ta takwas, mai ruwan ƙasa, ba ta kai ƙarshe ba, haƙorin tagulla ya ciji iska. Megabit 100 da zare huɗu yake aiki, gigabit sai takwas ɗin sun cika. Yaron ya tambayi wanda ya matse kan. Na ce ya miƙo mini filaya.

Lahadi ba kowa, muka yi sauran aikin. Na sauya lissafin ɗaurin a rumbu da sabobi ya riƙa duba adireshi da lambar ƙofa, na ƙara wa NFS zaɓin nconnect, wanda ya shigo Linux tun 5.3, don kowace saba ta buɗe zance huɗu da rumbu maimakon ɗaya, ɗan kamasho ya samu motocin rabawa. Kowane ɓangare abin da yake fitarwa kaɗai yake rabawa, suwic ma da nasa lissafin, saboda haka ba a samun rabo daidai wa daida, amma dai waya ta biyu ta fara cin guminta. Kwafi kuma na fitar da shi daga rumbu gaba ɗaya, zuwa wata tsohuwar kwamfuta mai babban faifai a ofishin magaza, can tsallaken fili, da Proxmox Backup Server a kanta. Na so in ci ribar dabararsa ta karanta abin da ya canja kawai, ashe taswirar canjin a ƙwaƙwalwar ɗan haya mai aiki take zaune, in aka kashe shi ta tafi. Mu da ke kashewa kowane dare, kullum sai an sake karanta faifan duka, ko da yake sabon kaɗai ake turawa. Da na ga haka sai na koma kan abin da ake kwafewa. Fiye da rabin gigabayit 600 ɗin nan hotunan kamara ne, awowi na fili da akuyar maƙwabta tana wucewa, waɗanda ke goge kansu bayan sati biyu. Na cire su. Na lissafi da na magaza kullum ƙarfe 6:15 na yamma, sauran ranar Asabar, kuma na sa wa aikin linzami kada ya wuce megabayit 40 a daƙiƙa a kowace saba, ko da wani ya tsaya aikin dare.

Litinin da la'asar na shiga wurin Alhaji da takarda biyu, zanen Alhamis da na safiyar ranar. Ya sa tabarau ya kalli mai tebur, ya kalli mai ƴan tuddai.

"Yau ban ji hayaniyar direbobi ba. To wa ya yi laifin?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

Na ba shi labarin akwatin da na danna, har da watannin da muka yi ba kwafi, don in ban faɗa ba zanen zai faɗa wata rana. Ya cire tabarau ya daɗe yana kallona.

"Watanni, ɗana? In da wuta ta ci ɗakin fa?"

Ban da amsa, ban kuma nemo ta ba. Ya ture takardar Yamai gefe, ya ce tarata sukari da ganyen shayin gardi na wata guda. Na ce na karɓa, amma ina da roƙo: faifai biyu marasa juyawa, SSD, don na lissafi da na magaza, da sababbin batiran ondila, duka ba su kai rabin kuɗin suwic ba. Ya ce in kawo a rubuce bayan babbar salla.

Saura abu ɗaya da ba a saita shi a allo. Ranar Laraba kwafi ya yanke a tsakiya, na bincika na tarar wuta ta ɗauke da yamma, gardi ya ga ofis ba kowa, ya kashe gurup tun kafin magariba don ya yi wa Alhaji tattalin mai. Na same shi a bakin ƙofa yana fifita gawayi.

"Baba, don Allah in wuta ta tafi da yamma, a bar gurup sai na kira."

"To in ka manta fa? Ku yaran zamani da mantuwa."

Na koma ciki na ɗauko kwamfutar hannun, na buɗe masa zanen. Na nuna masa tudun da ke tashi bayan shida, na ce in ya ga ya sauka ya kwanta, an gama. Ya matso da fuska, ya bi layin da ɗan yatsa har inda ya faɗo.

"Wanga kore ko wanga shuɗi?"

"Koren, Baba."

Yanzu kwamfutar a kan taga take kwana, allonta yana kallon waje.